Bin Kogin Yangtze Domin Sanin Tarihin Sin: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya bambanta wannan kogi da sauran?

Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 6,300. Babu kamarsa a Asiya, a duniya kuwa Nilu da Amazon ne kawai suka fi shi. Yana tasowa daga tsaunukan Qinghai da Tibet, ya keta ƙasar Sin har ya faɗa teku a Shanghai. Shekaru aru-aru ta kansa shinkafa da gishiri da shayi da sojoji suke bi.

Daga ina ake tashi?

Galibi ana shiga jirgin ruwa a Chongqing, a gangara zuwa Yichang cikin kwana uku ko huɗu, ta kwazazzabai uku: Qutang, Wu da Xiling. Qutang ne mafi gajarta, kimanin kilomita 8, amma hoton mashigarsa ne a bayan takardar kuɗi ta yuan 10. A kusa da shi Baidicheng yake, inda sarki Liu Bei ya rasu a shekarar 223 miladiyya. Kafin zuwan jiragen inji, ƙarti ne ke jan jirage da igiyoyin gora, suna tafe a gefen dutse suna waƙar aiki domin ƙafafunsu su daidaita. Da yawa ruwa ya ci su.

Shin madatsar ruwa ba ta shafe tarihin ba?

Ta shafe wani ɓangare, kuma bai kamata a ɓoye ba. An fara ginin madatsar Sanxia, wato madatsar kwazazzaban nan uku, a 1994, tana iya samar da megawat 22,500 na lantarki, tana kuma rage ambaliya. Amma fiye da mutum miliyan ɗaya aka tasa daga gidajensu. Garuruwa da gonaki da kaburburan kakanni suka nutse.

A ganina, wurin da ya fi cancantar tsayawa shi ne Baiheliang a Fuling. Wani dogon dutse ne a tsakiyar kogi, wanda a dā ba ya fitowa sai ruwa ya janye. Mutanen dā sun sassaƙa siffar kifaye a jikinsa, tun daga shekarar 763 suna rubuta inda ruwa ya tsaya. Idan kifin ya bayyana, manoma kan ɗauka shekarar za a yi albarka. Da aka zo cika madatsar da ruwa, maimakon a bar dutsen ya salwanta, sai aka gina masa ɗaki a ƙarƙashin ruwa, aka buɗe shi a 2009. Yau mutum yakan sauka kimanin mita 40 ya leƙa rubutun ta tagogin gilashi.

Bayan Yichang fa?

Akwai Chibi, inda a shekarar 208 aka cinna wa jiragen jagoran yaƙi Cao Cao wuta, sai Wuhan, inda boren 1911 ya fara, wanda ya kawo ƙarshen mulkin sarakuna.

Akwai abin da ya shafi Musulmi ko Afirka?

Ƙwarai kuwa. Nanjing, birnin da ke gaɓar kogin, ta zama fadar daular Ming a 1368, kuma a can aka ƙera manyan jiragen Zheng He, babban kwamandan ruwa da aka haifa a gidan Musulmi. Tsakanin 1405 da 1433 ya jagoranci tafiye-tafiye bakwai, jiragensa suka kai har gaɓar gabashin Afirka. Ana iya ziyartar wurin da aka ƙera su, haka ma tsohon masallacin Jingjue, inda ake sallah har yau.