Kwaya: waƙar haɗin muryoyi

Kwaya rukunin mutane ne da ke rera waƙa tare, amma ba kowa ke bin kari ɗaya ba, ana raba su kashi-kashi kowane kashi da layinsa, sai muryoyin su haɗu su ba da sauti guda mai kauri da daɗi. Nan ne ta bambanta da amshi, inda mawaƙi zai ja baiti 'yan amshi su karɓa masa duk a kari ɗaya. An fi saninta a coci, amma akwai ta makarantu da jami'o'i, ta ma'aikata, ta yara zalla, ta mata zalla, har da ƙwararrun da sana'arsu ke nan, da ita suke ci suke sha. Wata tana waƙa da ogan ko fiyano, wata kuma baki kawai ba kayan kiɗa, ita ce ake kira akafela.

Rabon muryoyi

Rabon da aka fi yi huɗu ne. Sofrano ita ce siririyar muryar mata ko ta yara, yawanci ita ke riƙe da karin da mai sauraro zai tafi gida yana rerawa. Alto tana ƙasa da ita, sai teno wato muryar maza mai hawa sama, sai bes can ƙasa wanda shi ne tushen da sauran suka hau. Alto da teno ne ke shan wahala gaskiya, don layinsu yana tsakiya, wani lokacin sauti biyu ko uku za su yi ta maimaitawa kuma ba mai yaba musu, amma ka cire su ka ji yadda waƙar za ta zama fayau. Babbar kwaya takan sake raba kowane kashi biyu ya zama takwas, ƙarama kuma da ba ta da maza da yawa sai ta haɗe teno da bes ta koma kashi uku.

Tarihi

Waƙar taro tsohuwa ce, a wasan kwaikwayon tsohuwar Girka ma akwai rukunin mutum 12 zuwa 15 da ke waƙa suna sharhi kan abin da ke faruwa. Amma kwaya irin ta yau a cocin Turai ta girma. Da farko kowa kari ɗaya yake bi, irin waƙar da ake jingina wa Paparoma Gregory na ɗaya. A ƙarni na 11 wani malamin coci a Italiya, Guido na Arezzo, ya tsara rubuta sauti a kan layuka ya kuma sa musu sunaye ut re mi fa sol la, daga baya ut ta koma do. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin da zarar ana iya rubuta sauti to mutum ɗaya zai iya zama ya tsara wa muryoyi da yawa abin da kowacce za ta yi. Wajen shekarar 1200 Pérotin a cocin Notre Dame na Faris yana rubuta waƙa mai murya huɗu. A ƙarni na 16 abin ya kai maƙura, Palestrina yana tsara waƙoƙin coci a Roma, a Ingila kuma Thomas Tallis ya rubuta waƙa mai layi 40 daban-daban, kwaya takwas kowacce murya biyar.

Mai tsara kiɗa Bach ya jagoranci kwayar yara maza ta cocin Thomas a birnin Leipzig na Jamus daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kwayar da aka kafa tun 1212 kuma har yau tana nan. An fara rera Messiah, doguwar waƙar addini da Handel ya tsara, a Dublin a 1742, Beethoven kuma ya shigo da kwaya cikin simfoninsa na tara, wato dogon kiɗan taron makaɗa, a 1824. A ƙarni na 19 ne talakawa suka shigo sosai, saboda tsarin solfa da Sarah Glover ta fara John Curwen ya yaɗa, wanda ke sa mutum ya koyi layinsa da haruffa d r m f s l t ba sai ya iya karanta manyan layukan kiɗa ba. Da shi mishan suka koyar a Afirka. A Amurka ɗaliban jami'ar Fisk sun fita yawon waƙa a 1871 suka sa duniya ta san waƙoƙin ibada na bayi baƙar fata, a Afirka ta Kudu kuma salon akafela na ma'aikatan Zulu da ake kira isicathamiya ya fito da ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ƙarƙashin Joseph Shabalala.

Tsara waƙar kwaya

Mai tsarawa da mutane yake aiki, masu huhu da maƙogwaro, dole ya bar musu gurbin numfashi, kada ya ajiye sofrano a can sama tsawon lokaci har muryar ta dushe, kada ya sa bes tsalle-tsallen da kunne ba zai kama ba. Kowane layi ya kamata ya reru shi kaɗai. Sai kalmomi, gaɓar da ke da nauyi ta faɗa kan bugu mai nauyi, kuma sauti mai tsawo a ɗora shi kan wasali buɗaɗɗe. A harsuna masu karin sauti aikin ya ninka, don idan karin waƙa ya hau inda kalma ke sauka ma'ana na iya juyewa, ga shi muryoyi huɗu ne kowacce da hanyarta. Mai tsara waƙa Ephraim Amu na Gana yana cikin waɗanda suka dage a kan sai kiɗa ya bi harshe.

Jagoranci

Abin da jama'a ke gani shi ne kwayamasta, wato jagoran kwaya, yana kaɗa hannu. A bugu huɗu hannun dama yana sauka ƙasa, ya yi hagu, ya yi dama, ya koma sama, hannun hagu kuma shi ke cewa a ƙara ƙarfi ko a rage, ko ya nuna wa wani kashi lokacin shigarsa. Ɗaga hannun da yake yi kafin sautin farko shi ne numfashin kowa, in ya yi shi da shakka to shigar ma da shakka za ta zo. Da can da doguwar sanda jagora ke buga ƙasa don riƙe bugun waƙa, har mai tsara kiɗa Lully na Faransa ya buge ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe ya yi ajalinsa a 1687.

Amma ainihin aikin a wajen bita yake. A nan ake ɗumama murya, a koya wa kowane kashi layinsa daban kafin a haɗa, a daidaita wasula ta yadda "a" ɗin mutum talatin za ta fito iri ɗaya, a tsayar da inda za a rufe baƙin ƙarshe don kada "s" ta yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. A dogon sauti ana koya musu satar numfashi, wannan ya ja nasa ya dawo sannan na kusa da shi ya ja, mai sauraro ba zai ji yankewa ba. Matsalar da ta fi damun akafela ita ce sauti ya riƙa zamewa ƙasa a hankali, a fara a matakin sauti ɗaya a ƙare a ƙasa da shi ba wanda ya lura, gajiya da ƙarancin iska da rashin sauraro ke kawo shi. Shi ya sa jagora nagari ya fi son mai kunne a kan mai babbar murya, don wanda ba ya jin na gefensa komai zaƙin muryarsa ɓata haɗin zai yi.

Bukukuwa

Ana gasa da bukukuwan kwaya a ƙasashe da dama. Na Estoniya ya fara a Tartu a 1869, yanzu a Tallinn ake yi duk shekara biyar, mawaƙa sama da 20,000 a dandali ɗaya, kuma waƙar taro ta taka rawa a fafutukar da ta kai ƙasar ga ɓallewa daga Tarayyar Sobiyet a 1991.