Me Ake Nufi Da Sauya Ƙwayar Gadon Iri Da Gangan?

Duk manomin da ya daɗe a gona ya taɓa cin karo da zangarniyar dawa guda da ta fita daban cikin 'yan'uwanta, ko ta riga su nuna, ko idonta ya fi girma. Wani lokaci barbara ce, wani lokaci kuwa ƙwayar gadon shukar ce, wato abin da ke ɗauke da halayen da take gada, ta sauya da kanta. Sai dai irin wannan dace jefi-jefi yake zuwa. Abin da masana suka yi shi ne gaggauta shi: a haska iri da hasken gamma, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, mai fitowa daga sinadarin kobal-60, ko a jiƙa shi cikin wani sinadari, ƙwayoyin gadonsa su sassauya.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1928 wani Ba'amurke, Lewis Stadler, ya gwada ta a kan sha'ir da masara da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Yau rajistar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da hukumar makamashin nukiliya ta duniya (IAEA) tana ɗauke da iri sama da 3,000 da aka samu ta wannan hanya.

Hasken ba ya zaɓe. Da yawa daga cikin irin da aka haska lalacewa yake yi, wani ya ƙi tsiro, wani ya tsiro ya ƙi 'ya'ya. Ainihin wahalar tana gonar gwaji, inda ake shuka dubbai, a girbe, a sake shukawa, domin halin da ake nema sau da yawa sai a zubi na biyu yake bayyana. A cikin wannan taro ake tsintar ɗaya mai jure fari ko mai saurin nuna, sannan a shafe shekaru ana tace shi. Irin ba ya riƙe hasken, kamar yadda wanda aka ɗauki hoton ƙirjinsa ba ya komawa gida da shi.

Mutane kan haɗa wannan da GMO, wato irin da aka saka wa ƙwayar gadon wata halitta daban, alhali ba ɗaya ba ne. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ta fitar a 2019, ƙwayar gado aka ɗauko daga wata bakteriya aka saka masa don ya kare kansa daga tsutsa. A dabarar haska iri kuwa ba a shigo da baƙon komai, abin da shukar ke da shi ake motsawa. Haka Sudan ta samu gyaɗarta mai jure fari a 2018, ta raɗa mata suna Tafra-1, kalmar da Larabawa ke kiran wannan sauyi da ita.