Waiwaye: Neman alamar jini da za ta raba mashaya gida-gida

Tun 1960 wani masani Jellinek ya ce masu jarabar giya ba iri ɗaya ba ne, ya kasa su gida biyar, amma da ido da tarihin mutum ya yi rabon, babu gwajin jini. Sai a 1981 Cloninger da abokan aikinsa suka bi diddigin maza 862 da aka ba riƙo tun suna yara a Stockholm ta ƙasar Suwidin, suka fito da gida biyu: na farko yakan fara sha bayan shekara 25, yawanci damuwa ke tura shi, na biyu kuwa tun yana matashi yake farawa, akwai rigima da karya doka, kuma abin yana bin jini daga uba zuwa ɗa.

Toh daga nan ne fa aka shiga farautar alamar da jiki zai nuna. Wadda ta fi tashe ita ce sinadarin MAO da ke cikin ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, a shekarun 1980 aka riƙa ganin ya yi ƙasa a jinin 'yan gida na biyu, har ana ganin an gama magana. Ashe taba ce! Hayaƙin sigari da kansa yana danne MAO, su kuma masu sha da yawa galibi da karan taba a hannunsu, da aka cire lissafin taba wajen ƙarshen shekarun 1990 sai bambancin ya kusa ɓacewa. Ni abin har dariya yake ba ni, shekara da shekaru ana auna sigari ana kiranta gado.

Ƙwayar gadon DRD2 da masana Blum da Noble suka yi shela a 1990 cewa tana da alaƙa da jarabar giya ita ma ba ta tsaya da ƙafarta ba da wasu suka maimaita. Gwajin GGT da CDT kuwa, wato sinadaran da ke ƙaruwa a jini idan ana shan giya sosai, yawan shan kwanan nan kawai suke nunawa, ba gidan da mutum yake ba.

Inda rabon ya ɗan yi rana shi ne wajen magani. A 2000 Bankole Johnson, likita ɗan asalin Najeriya da ke aiki a Amurka, ya nuna ondansetron, maganin amai ne fa, yana rage sha ga waɗanda suka fara da wuri, bai taɓuka komai ba ga sauran. Shi ma kuwa da shekarun fara sha ya raba su, ba da kwalbar jini ba.