Hitar banɗaki: wacce za ka saya, kuma yaya za ta daɗe?

Da zarar sanyin hunturu ya kankama, sai a tuna da hitar da ke maƙale a bangon banɗaki tun bara ba a taɓa ta ba. Wasu su kunna su tarar ta mutu, wasu kuma su nufi kasuwa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mai lita nawa zan saya?

A kasuwa za ka tarar da mai lita 10, 15, 30, 50, 80 har 100. Mutum ɗaya ko biyu masu wanka da bokiti, 15 zuwa 30 ta ishe su, tunda sirka ruwan ake yi da na sanyi. Gida mai yara ko mai shawa, a fara daga 50. In da mai jego kuwa, ga wankan safe da yamma na kwana arba'in, ƙarama ba za ta ɗauki nauyin ba. Amma ka duba bangonka: lita 80 na ruwa kilo 80 ne, ban da nauyin tankin kansa. Bulon da aka yi wa rowar siminti ba zai riƙe shi ba.

Wuta nawa take sha?

Kafin ruwa lita 50 ya tashi daga digiri 25 zuwa 60, sai ya ci kusan yunit biyu a mita. Hita mai wat 1,500 za ta yi wannan aikin cikin awa ɗaya da kusan minti ashirin. Shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa in an ɗora masa ita, batirin inbata kuma ya ƙare nan da nan. Wanda wutar unguwarsu ba ta zama, ya fi masa ya nemi tanki mai kaurin rufi, wanda zai riƙe zafin daren jiya har asuba, ko ya koma ga mai aiki da rana da ake girkawa a kan rufi.

Me ya fi kashe hita?

Kunna ta babu ruwa a ciki. Tankin sama ya ƙare, ruwan hitar ya zurare, an bar makunni a kunne, tsakar dare aka kawo wuta. Ƙarfen da ke dumama ruwan an yi shi ne ya zauna cikin ruwa. In ya yi zafi a busasshen tanki, ba ya jimawa yake ƙonewa. Washegari sai a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Saboda haka kafin ka kunna, buɗe famfon ruwan zafi. In yana tari yana fesar da iska, dakata har ruwa ya zubo sosai.

Na biyu shi ne ruwan kansa. Ka taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi ka ga farin ɓawon nan da ya kama gindinta? Irinsa ne ke lulluɓe ƙarfen hita a inda ruwan rijiyar burtsatse ke da gishiri-gishiri. Alamarsa, ruwa ya daɗe bai yi zafi ba, tankin kuma yana ƙara kamar ana soya gyaɗa. Sai a kashe wuta, a zubar da ruwan, a ciro ƙarfen a kankare.

Akwai kuma wani sanda na magneziyam a ciki, wanda yawancin masu gida ba su ma san da shi ba. Aikinsa ya cinye a madadin jikin tankin. Idan ya ƙare, tsatsa ta koma kan tankin, daga nan sai yoyo, yoyon tanki kuwa ba ya gyaruwa. A sa mai gyara ya duba shi duk shekara ɗaya ko biyu. Kuɗinsa bai kai na sabuwar hita ko kusa ba.

Ruwa na ɗiga daga bawul ɗin da ke ƙasa. In toshe?

Kul! Ruwa in ya yi zafi kumbura yake yi, wannan bawul shi ne mafitarsa. Ɗigo kaɗan lokacin da take dumama ruwa ba laifi ba ne, a sa masa ƙaramin tiyo zuwa magudana. In yana zuba ba tsayawa, canza shi za a yi.

A digiri nawa zan bar ta?

Wajen 60. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ta kashe wasu daga cikin mahalarta wani taro a Filadelfiya ta Amurka a 1976, tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi-ɗumi, tsakanin digiri 20 da 45. Sai dai ruwa mai digiri 60 na ƙona fata cikin daƙiƙu kaɗan, musamman ta yara da tsofaffi. A fara zuba na sanyi a bokiti, a taɓa da hannu kafin a sa yaro.

Batun jan wuta fa?

Nan ne ba a neman arha. Dole hita ta samu wayar da ke kai wuta ƙasa, da nata bireka, da na'urar nan mai katse wuta da zarar ta fara zurarewa. Makunnin ya kasance a wajen banɗaki. In ka taɓa jin famfo ya ɗan ja ka, ko da kaɗan ne, kashe ta daga bireka, kada kowa ya sake wanka sai mai gyaran wuta ya zo. Ni dai a gidan da ban san wanda ya yi wayarin ba, sai na kashe hitar nake shiga wanka.