Mai Ya Tsiyaya a Ƙasa: Yaya Ake Ɗibar Samfur?

Ga tambayoyin da jama'a ke yi wa mai gwajin ƙasa, da amsoshinsa.

Zan iya ɗebo ƙasar a leda in kawo muku?

A'a. Na gaji da faɗar wannan. Sinadarin benzin da ke cikin fetur, mai jawo sankarar jini, yana bin iska tun kafin ka iso. A kwalbar gilashi ake zubawa, a toshe nan take, a sa cikin kula mai ƙanƙara, sanyinta kusan digiri 4. A rubuta wuri da zurfi da lokaci a jikin kowace kwalba.

Ai ƙasar ba ta wari.

Hanci ba ɗakin gwaji ba ne.

In gauraya ƙasar rami biyar don rage kuɗi?

Ga fetur kam, kul! Kana juyawa yana tashi, sakamako ya fito fes alhali wurin a gurɓace yake.

A ina za a haƙa, kuma zurfin nawa?

Nan ne gizo ke saƙar. Galibi ana farawa daga inda ake zargi: gefen tankin da ke binne a gidan mai, ƙarƙashin famfo, da mahaɗar bututu. Sai a bi gangaren da ruwan ƙasa, wato ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, ke bi. Amma wannan gangaren ba lallai ya yi daidai da na saman ƙasa ba, shi ya sa rami ɗaya ba ya isa. Zurfi kuwa ya danganta. A yashi mai yakan nutse da sauri, yumɓu yakan riƙe shi, sai dai in ya tsage da rani. Ni na fi so a kai inda ruwa ya fara, domin mai yawo yake a kansa. A Nisisioken Ogale da ke yankin Ogoni a kudancin Najeriya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙasa. Ko nan ma da sauran magana: ruwa yana hawa da damina ya sauka da rani, yana shafa man a tsakani. A ɗauki samfur a nan ma. A kuma ɗebo guda daga nesa, inda babu zargi, don kwatantawa.

Dole a wanke kayan haƙa bayan kowane rami?

Dole.

Rijiyarmu na warin fetur. Mu jira sakamako?

Haba! Ku daina sha tun yau, kada yara su yi wanka da shi, kada a kunna ashana a bakinta. Ku kwantar da hankalinku, ana iya gano inda yake fitowa. In a Najeriya kuke, ku kai rahoto hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai, ku nemi a auna ruwan tare da ƙasar.