Waiwaye: Yadda Aikin Gyaran Tsofaffin Zane Ya Sauya

Wani kaso na ɓarnar da ake gani a jikin tsofaffin zane-zane da hannun masu gyara a ciki. Zanen Jibin Ƙarshe na Leonardo da Vinci da ke Milan ya isa shaida. A 1498 ya kammala shi, amma maimakon ya shafa launi a kan ɗanyen yaɓe, inda launin ke kama bango yayin bushewa, sai ya yi aikinsa a kan busasshen bango. Tun yana raye fentin ya fara ɓamɓarewa. A 1726 Michelangelo Bellotti ya cike guraben da fentin mai, ya bi da man sheƙi. A 1770 Giuseppe Mazza ya kankare aikin Bellotti ya sake fentawa, a 1821 kuma Stefano Barezzi ya yi yunƙurin ɗaye zanen daga bangon, ya ƙara illata shi. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Zanen da ke kan yadi ma bai tsira ba. A ƙarni na 19 aka yi yayin manna sabon yadi a bayan tsohon da narkakken kakin zuma da ƙaro, a bi da dutsen guga mai zafi. Fentin yakan daina zuba, gaskiya ne, amma kakin yana ratsa zanen ya duhunta launi, zafi da nauyi su baje kaurin fentin, kuma kakin ba ya fita duka. Sai bayan taron masu gyaran zane da aka yi a Greenwich ta Ingila a 1974 aka ja da baya daga wannan hanya.

Sauyin tunani daga Italiya ya taso. A 1939 aka kafa cibiyar gyaran kayan tarihi a Roma ƙarƙashin Cesare Brandi, wanda ya tsaya kan ƙa'idoji biyu: duk abin da mai gyara ya sa ya zama ana iya cire shi, kuma a iya bambanta shi da na asali. Daga nan aka samu dabarar cike gurbi da siraran layuka a tsaye, da fentin ruwa. Daga nesa ido na haɗe su da zanen, da an matso sai a gan su ƙarara. Da fentin ruwa Pinin Brambilla Barcilon ta cike guraben zanen Leonardo a aikin da ya ɗauke ta daga 1978 zuwa 1999.

A zanen bango, babban abokin gaba shi ne ruwa da gishiri. Danshi yana narkar da gishirin da ke cikin bango, ya janyo shi zuwa fuska, idan ya bushe sai ƙwayoyinsa su kumbura a ƙarƙashin fenti su tunkuɗe shi. Gishirin girki yakan fara shan ruwa daga iska idan laima ta kai kusan kashi 75 cikin ɗari, shi ya sa ake taƙaita baƙi, waɗanda numfashinsu ke ƙara laima, a kogunan Mogao na ƙasar Sin masu zanen bango; kogon Lascaux na Faransa kuwa an rufe shi a 1963 saboda wata ɓarnar da shigar baƙi ta jawo wa zanensa. Rufe fuskar bango da ƙaro ko ruwan roba yana tsananta matsalar, domin bangon ya daina numfashi. Ƙaron da aka shafa a kogunan Ajanta na Indiya a farkon shekarun 1920 ya rine, ya dushe zanen. Saboda haka a yau toshe hanyar ruwa ke zuwa farko, sannan a ɗura ruwan yaɓe da sirinji inda yaɓen ya rabu da bango, a zuƙe gishiri da jiƙaƙƙiyar takarda, wanki ya biyo baya.

Wankin ne har gobe ake jayayya a kai, domin abin da aka wanke ba ya dawowa. A aikin ɗakin ibada na Sistine da ke Vatican, daga 1980 zuwa 1994, ana shafa sinadarin wanki mai suna AB57 na minti 3, a ɗauraye da tataccen ruwa, a maimaita bayan awa 24. Masu aikin, ƙarƙashin Gianluigi Colalucci, sun ce baƙin hayaƙin kyandir da gam ɗin masu gyara na baya suka cire. Masu suka kuwa sun dage cewa har da inuwar da mai zanen na asali, Michelangelo Buonarroti, ya ƙara da hannunsa bayan yaɓen ya bushe.