Ƙato da siririyar murya: tambayoyi kan magadan mawaƙan kastrato

Wanda ya kalli bikin buɗe wasannin Olamfik na Paris a 2024 wataƙila ya tuna da Jakub Józef Orliński, matashin nan ɗan ƙasar Poland da ya buɗe baki sai ga murya can sama, har wasu suka rantse mace ce. Irinsa ake kira kauntatena, kuma su ne suke rera waƙoƙin opera na Italiya da aka tsara wa wasu mawaƙa da yanzu babu irinsu a doron ƙasa, wato kastrato.

Su wane ne kastrato?

Mawaƙa ne da aka yi wa dandaƙa tun suna yara, kafin su balaga, don kada muryarsu ta yi kauri. Abin ya samo tushe a Italiya a ƙarni na 16. Ba a barin mata su yi waƙa a coci, a birnin Rum ma har dandalin wasan kwaikwayo an hana su hawa, ga shi kuma ana son murya mai tashi. A 1589 Fafaroma Sixtus na Biyar ya ba su gurbi a ayarin mawaƙan majami'ar Santa Bitrus. Daga coci suka tsallaka opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi maimakon a faɗa, nan suka zama taurari.

Yawancinsu 'ya'yan talakawa ne, iyaye suka miƙa su da fatan arziki. Kaɗan ne suka dace. Sauran sun ƙare a ƙananan coci-coci, ba suna, ba zuri'a.

Me dandaƙar take yi wa murya?

In yaro ya balaga, maƙogwaronsa yakan girma, zakaran wuya ya fito, tantanin murya ya yi tsawo da kauri. Wanda aka dandaƙe ba ya samun wannan, maƙogwaronsa na nan kusan na yaro. Amma ƙasusuwansa sukan ci gaba da tsawo fiye da ƙima, ƙirji ya buɗe. Sai ka ga dogon mutum, huhun babba, maƙogwaron yaro, ga horon shekaru a makarantun waƙa na Napoli. Shi ya sa suke iya riƙe sauti guda, su fara shi ƙasa-ƙasa, su kumbura shi har ya cika zaure, su sake lallaɓa shi ya koma, duk a numfashi ɗaya. Carlo Broschi, wanda aka fi sani da Farinelli, ya yi suna da wannan. A 1737 ya bar dandali ya koma fadar Sifaniya yana yi wa Sarki Philip na Biyar waƙa don rage masa ciwon damuwa. Da aka tono ƙasusuwansa a Bologna a 2006, an tarar dogo ne kamar yadda aka zana shi.

Yaushe aka daina?

A opera tun wajajen 1820 zuwa 1830 kasuwarsu ta ci ta watse. A coci sun daɗe, sai a 1903 Fafaroma Pius na Goma ya rufe ƙofar. Alessandro Moreschi, wanda ya rasu a 1922, shi kaɗai ne aka naɗi muryarsa yana waƙa shi ɗaya, a 1902 da 1904. Faifan na nan a intanet, sai dai na'urar zamanin ba ta da kyau, shi ma mawaƙin coci ne, kada a auna Farinelli da shi.

To shi kauntatena, an taɓa masa wani abu ne?

Ko kaɗan. Lafiyayyen namiji ne, in yana hira ma za ka ji yawancinsu da kakkaurar murya. Maƙe murya yake yi, irin wadda kowane namiji zai iya in yana kwaikwayon mace, inda gefen tantanin ne kawai ke kaɗawa. Bambancin shi ne ya shafe shekaru yana horar da ita har ta yi ƙarfi, ta daina rawa. Ingila ce ta adana wannan salo a cocinanta, kuma Alfred Deller ne ya fito da shi fili bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1960 marubucin kiɗa Benjamin Britten ya rubuta masa rawar Oberon, sarkin aljanu, a wata operarsa.

Kafin zuwan kauntatena wa ke rera waƙoƙin kastrato?

An daɗe ba mai rerawa. Da aka fara farfaɗo da operar marubucin kiɗa Handel a Göttingen ta Jamus a 1920, sai aka saukar da waƙoƙin jarumai ƙasa aka ba maza masu babbar murya, don a ganinsu ba ta yiwuwa Kaisar ya yi magana da muryar mace. Wannan ya ɓata lissafi. Handel ya rubuta Giulio Cesare, operar Kaisar ɗin, a 1724 don kastrato Senesino, ya saƙa muryarsa da ta Cleopatra da ta kayan kiɗa kusa da juna. In ka saukar da ita, gudun da ya kamata ya yi walƙiya sai ya zama gurnani. Daga baya aka koma bai wa mata waƙoƙin, kuma wannan ba bidi'a ba ce: Handel da kansa ya ba Margherita Durastanti rawar namiji a wannan wasan.

Shin sun dawo da muryar kastrato kenan?

A'a, kuma duk wanda ya ce sun dawo da ita talla yake yi. Kastrato da cikakkiyar muryarsa yake waƙa, kauntatena da wani ɓangare na tasa. Masu fim ɗin Farinelli na 1994 sun san haka, shi ya sa suka haɗa muryar kauntatena Derek Lee Ragin da ta mawaƙiya Ewa Małas-Godlewska a kwamfuta. Abin da suka dawo da shi su ne waƙoƙin, a tsayin da aka rubuta su, da sunayen marubuta kiɗa da ƙura ta rufe irin su Porpora da Hasse da Vinci.

Dubi abin da aka yi a Nancy ta Faransa a 2012. An ɗauko Artaserse na Leonardo Vinci (ba mai zanen nan ba, wani ne daban), wanda aka fara nunawa a Rum a 1730 ba mace ko ɗaya a ciki. Aka tara kauntatena biyar, har da Philippe Jaroussky da Max Emanuel Cenčić da Franco Fagioli ɗan Ajantina, biyu daga cikinsu sanye da tufafin mata. Da za a ce a yi haka a zamanin Deller, da ba a samu masu iyawa ba.

Daga ina zan fara saurare?

Fara da "Ombra mai fu", wadda Handel ya rubuta wa kastrato Caffarelli a 1738, daga bakin kauntatena Andreas Scholl. Gajeriya ce, sarkin Farisa ne ke yabon inuwar bishiya. In ta shige ka, nemi Fagioli a Artaserse, a waƙar da ke rufe kashi na farko. Kasa kunne lokacin da ya dawo kan baitin farko: al'adar ita ce mawaƙi ya maimaita shi da adon kansa, kuma a nan Fagioli ke gangarawa ƙasa cikin muryar ƙirji, ya sake cillawa sama.